Abin da Suka Kira Ihu

Plumstead, London
6 ga Oktoba

Adda Ummu,

Assalamu alaikum. Ya Gombe, ya Malam da yara? Ina fatan ƙafar taki ta daina kumburi. Mu nan lafiya lau. Ɗan naki Rayyan ya koma jami'a, har yanzu in ka gaishe shi da Hausa da Turanci yake amsawa.

Na zaɓi in rubuto miki ne saboda a waya gaisuwa ke cinye mana lokaci. Kafin mu gama ya gida, ya aiki, ya ruwa, layi ya yanke, kowa ya tashi da tunanin an yi magana.

Goggo ta koma care home, wato gidan kula da tsofaffi. Na san mahaifiyarki ce, ni 'yar ƙaninta ce kawai da ta rena, kuma kamata ya yi ki ji kafin a yi. An tsince ta ne a kasuwar Woolwich, da silifas, cikin ruwan sama, tana tambayar mai sayar da kifi inda ake shiga motar Kumo. Kafin nan ta taɓa ɗora tukunya babu ruwa har ƙararrawar hayaƙi ta tara mana maƙwabta. Ni ina wurin aiki tun safe har yamma. Turancin da ta tara tun zuwanta renonmu ya tafi gaba ɗaya. Hausa ta rage mata, sai Fulatanci in ranta ya ɓaci.

Gidan ba laifi. Sun sa masa sunan wata bishiya da babu ita a harabar. Akwai kafet, akwai labule mai furanni, akwai falo da aka jera kujeru suna fuskantar talabijin da ba wanda ya zaɓi tasharsa. Abincinta halal ne, an rubuta haka da manyan baƙaƙe a ƙofarta, ƙarƙashin sunanta, Awabu, da suka mayar Awabo.

Makonnin farko sun ce ta ba su wahala. Likitan gidan ya kira ni ina cikin jirgin ƙasa, ya ce tana ihu, tana firgita sauran tsofaffin, suna so su ba ta wani ɗan abu da zai taimaka mata. Na ce to. Yanzu duk wanda na tambaya kalma ɗaya yake ba ni, "settled". Da Hausa sai in ce hankalinta ya kwanta. Ranar Asabar na same ta a kujera, kai a karkace, hannuwa a cinya. Na ce, "Goggo, ina wuni." Ta daɗe kafin ta ce, "Lafiya." Na zauna har aka kawo shayi. Na sha nawa, na sha nata.

Ki gaida kowa.

Ƙanwarki,
Hadizatu

Gombe
15 ga Oktoba

Dija,

Wa'alaikumus salam wa rahmatullah. Ƙafa da sauƙi, na koma makaranta har ina tsayuwa a aji. Malam yana gaishe ki. Ruwa ya ɗauke, ana ta cire wake. Da hannu na rubuta wannan, Humaira za ta ɗauki hotonta ta tura miki.

Ba zan ɓoye miki ba, maganar gidan tsofaffin nan ba ta yi min daɗi ba, kuma ban faɗa wa kowa ba sai Malam. Amma da na zo wurin da kika ce hankalinta ya kwanta, sai na yi hamdala. Na sa an yi waina an raba a masallacin unguwa. Duk wanda ya san Goggo ya san ba ta iya zama wuri ɗaya. In Allah ya ba ta hutu a ƙarshen rayuwa, ai abin godiya ne. Kuma ki daina cewa ke 'yar ƙani ce kawai. Ni a hannun kaka na tashi, Goggo nake ce mata kamar kowa. Ke kika san ɗumin bayanta.

Ga albishir. An sa ranar Humaira, farkon Disamba. Sunan yaron Fawaz, injiniya ne, 'yan Bauchi ne, mutanen kirki. Ita ta kawo shi da kanta, mu namu addu'a ne.

Abu ɗaya nake roƙonki. Ke kina ƙarama kuka tafi, ba ki gani ba, amma a Kumo ba a kai amarya sai an jira Awabu. In ta kama hancinta ta rangaɗa guɗa, har unguwar gaba an san an shiga da amarya ɗaki. Ranar nawa auren tana can wurinku, wata ce ta yi min, har yau abin yana raina. Ki nuna mata hoton yaran nan, ki faɗa mata jikarta ce. In ta yi guɗar, ko gajeriya ce, ki ɗauka a waya ki turo. Za mu sa a lasifika ranar kai amarya. Tunda yanzu ta natsu, na san za ta gane.

Addarki,
Ummukulthum

Plumstead
27 ga Oktoba

Adda Ummu,

Assalamu alaikum. Allah ya sanya alheri, ya kai mu lokacin. Ki ce wa Humaira ta iya zaɓe, in dai hoton bai yi ƙarya ba. Lafiyata ƙalau, sanyi ne kawai ya fara.

Na je da wayar kamar yadda kika ce. Na same ta a falo, a kujerarta ta kullum. Na ce, "Goggo, jikarki ce, 'yar Ummu. Aure za a yi." Ta kalli hoton kamar ana nuna mata bango. Na sake faɗa, na ƙara da cewa an sa rana. Sai na ga hannunta na dama yana tashi daga cinya a hankali, kamar na aro. Ta kama hancinta.

Ta yi, Adda. Ba ta kai wadda kike ba da labari ba, ta tsinke a tsakiya, amma guɗa ce. Ban ɗauka ba. Yatsana yana neman wurin dannawa ta gama.

Ma'aikata biyu suka shigo da sauri. Ɗaya ta ce, "Ta fara kuma." Ɗayar ta cire mata hannu daga hanci ta riƙe, tana shafa mata baya tana cewa, "It's all right, darling." Sai ga nas, wata doguwa mai fara'a, da ɗan kofin takarda.

Na ce, "Wannan na mene ne?"

Ta ce, "Na lokacin da ta rikice ne."

Ashe biyu ne. Akwai na kullum, safe da yamma, sunansa risperidone, asalinsa maganin masu taɓin hankali ne. Akwai kuma wannan na kofin, lorazepam, mai saukar da mutum ya sa shi barci, ana ba ta duk sanda suka ga ta rikice.

Na ce, "Yaushe take rikicewa?"

Matar nan ba muguwa ba ce, ta tsaya ta yi tunani tsakani da Allah. Ta ce ranar da aka shigo da kek da kyandirori don wani tsoho ya ƙara shekara. Da ranar da wata ma'aikaciya da ta haihu ta kawo jaririnta a gani. Da ranar da matar wani ta zo ziyara aka sa musu kiɗa suka taka. Ta ce, "Abin da ya fi tayar mana da hankali toshe hancin ne. Muna tsoron kada ta hana kanta numfashi."

Na ce mata murna ce, haka matanmu suke yi. Ta dube ni irin kallon da ake yi wa dangin mara lafiya, ta ce za ta rubuta. Goggo kuwa ta riga ta haɗiye. Kin san ta, in aka miƙo mata abu hannu biyu take sawa.

Wato duk ranar da wani abu ya yi mata daɗi a gidan nan, an ba ta magani. Kuma ya yi aiki.

Na nemi a zauna da likita a cire mata. Sun ce za a sa rana. Na fito na hau bus, na sauka na sayi albasa, na zo gida na dafa shinkafa. Ina jira in ji wani abu a raina, har yanzu bai zo ba.

Hadizatu

Gombe
2 ga Nuwamba

Dija,

Salamun alaikum. Muna lafiya, ana ta hidimar biki. Ina fatan kina rufe jikinki saboda sanyin.

Na karanta takardarki na sake karantawa, wuri ɗaya idona yake komawa. Maganin masu taɓin hankali. Dija, Goggo ta taɓu ne kika ɓoye min? Likitocin Turai ba za su ɗauki irin wannan magani su ba mutum don ya yi guɗa kawai ba. Akwai abin da suka gani. Mu dai a zuriyarmu ba a taɓa yi ba, ta uwa ko ta uba.

Ki saurare ni da kyau. Dangin Fawaz har yanzu suna ɗan tambaye-tambayensu, kin san yadda ake yi. Ƙanwar mahaifinsa, Hajiya Fausia, a can Catford take kusa da ku, kuma ta karɓi lambarki, tana so ta je ta gaida kakar amarya. Ba yadda zan hana. Don Allah ki bar maganin nan yadda yake har ta zo ta tafi. Tsohuwa tana barci ba labari ba ne. Amma a ce tana zaune Goggo ta ɗaga murya, Turawa su rugo su rirriƙe ta, me kike tsammani zai iso Bauchi? Ba wanda zai ce guɗa ce. Yarinyar nan tana son yaron nan.

Maganar ɗaukar murya na janye. Za mu sami wata a nan.

Ki goge waccan takardar daga wayarki, ni ma na sa Humaira ta goge ba tare da ta karanta ba.

Ummukulthum

Gombe
20 ga Nuwamba

Dija,

Salamun alaikum. Ina fatan lafiya. Na kira ba ki ɗauka ba, na aiko saƙo shiru. In fushi kika yi ki faɗa min, ni babba ce amma ina iya ba da haƙuri. In kuma wani abu ne ya sami Goggo, kada ki ce za ki jira a gama biki. Ba na iya cin abinci.

Ummu

Plumstead
26 ga Nuwamba

Adda Ummu,

Wa'alaikumus salam. Ki ci abinci. Goggo tana nan, ni ma ina nan, ba kuma fushi na yi ba. Babu abin da zan rubuta ne, sai jiran ranar da suka sa suka ɗaga, suka sake sawa.

Goggo ba ta taɓu ba. Mantuwar tsufa ce, irin ta kaka, sai dai kaka tsakar gida gare ta da maƙwabta masu jin Hausa. Maganin na masu taɓin hankali ne, amma ana ba tsofaffi masu mantuwa in sun hana gida sakat. Ba sai mutum ya haukace ba. Ya isa a ce ya dami mutane.

Hajiya Fausia ta zo, kuma buƙatarki ta biya ba tare da na yi komai ba, don ranar ba a riga an zauna da likita ba. Ta zo da turare da dabino. Ta durƙusa gaban kujera ta yi gaisuwa tun daga sama har ƙasa, ni ina amsawa a madadin Goggo. Na goge mata yawu kafin baƙuwar ta ɗago. Da za ta tafi ta ce, "Masha Allah, dubi haske a fuskarta. Irin tsufan da ake roƙo ke nan." Na ce amin. Bauchi za ta ji alheri.

An yi zaman a ofishin manajar gidan, ni da ita da likita. Na yi musu bayanin guɗa yadda nake yi wa ɗalibai bayani a aji, da tarihi da komai. Suka saurara da ladabi. Sai likitan ya ce, "Za ki iya yi mana mu ji bambancin?"

Na kama hancina a ofishin mutane, da jaka a kafaɗa. Abin da ya fito ya fi kama da butar shayi ta tafasa. Manajar ta ce, "Lovely." A gidan matar da ake jira a Kumo na girma, ban taɓa cewa ta koya min ba, ita ma ba ta taɓa yi a ɗan gidanmu na bene ba saboda maƙwabta. Ƙarshe dai a waya na nemo musu wani bikin Kano suka kalla.

Likitan ya yi gaskiya. Ya ce maganin na 'yan makonni ne, daga nan a duba, kuma ba wanda ya duba. Ya ce yana ƙara wa tsofaffi haɗarin faɗuwa da shanyewar ɓarin jiki. Ya faɗa da murya irin ta mai karanta yanayin gari. Za a rage a hankali har a daina, na kofin kuma ba za a ba ta ba sai an kira ni.

Manajar ta ƙara nata. Ta ce ta fahimci al'ada, tana girmama al'ada, amma akwai wata tsohuwa a ɗakin da ke kusa da ke ɓuya a banɗaki in ta ji sautin, kuma 'ya'yanta sun yi magana. In aka sake kawo ƙara, Goggo za ta koma hawa na sama, inda ƙofa ke kulle, sai an danna lambobi take buɗewa. Na taɓa leƙa wurin. Can kowa settled ne.

Don in sauƙaƙa musu na ba su ƙa'ida. In hannu a hanci yake, murna ce, a bar ta. In ta ɗora hannu a ka, kuka ne, a kira ni. Sun ji daɗin wannan sosai. Suna son abu mai gida biyu, ko wannan ko wancan.

Allah ya sa a yi taro lafiya.

Hadizatu

Gombe
14 ga Disamba

Dija,

Salamun alaikum. An ɗaura, an kai amarya, kowa ya watse lafiya. Gajiya ce kawai da ƙafar da ta sake tashi. Dangin ango sun yaba, Hajiya Fausia har waya ta yi tana ba da labarin Goggo.

Wata mata daga Tudun Wada ta yi guɗar. Ta yi ƙoƙari. Da ta fara sai na shige ɗaki na rufe ƙofa, mutane suka ɗauka kukan rabuwa da 'ya nake yi.

Abin da na rubuta miki kwanaki, na a bar ta tana barci, ina roƙon Allah gafara, ke ma ki yafe min. Tsoro ne.

Humaira ta tura miki bidiyon. Ki nuna mata. Ta farka kuwa? Tana cin abinci da kanta? Ta ambaci wani daga cikinmu?

Addarki,
Ummukulthum

Plumstead
11 ga Janairu

Adda Ummu,

Wa'alaikumus salam. Barka da gajiya, Allah ya ba su zaman lafiya. Babu abin yafewa. Ki riƙa ɗora ƙafar a kan matashi. Nan rana tana faɗuwa tun kafin in tashi daga aiki.

Ta farka. Tana cin abinci da kanta, tana cewa babu gishiri, kuma gaskiyarta ne. Ta gane ni, wani lokaci a matsayin ni, wani lokaci a matsayin mahaifiyata. Ta tambaye ni ko an shayar da maruƙa.

Sauran abin da ya farka tare da ita ne ban yi lissafinsa ba. Tana duba falon nan, kujera bayan kujera, ta ce, "Dija, gidan wa aka kawo ni? Su waye waɗannan?" In na faɗa mata sai ta ce to, can kuma ta sake tambaya. Da yamma ta kan tsaya a bakin ƙofa da mayafinta tana jiran a zo a tafi da ita.

Na nuna mata bidiyon. Ta kalla har ƙarshe, ta gyara zama da aka zo wurin matar Tudun Wada, ta ce, "Wannan numfashinta gajere ne." Sannan ta ce, "Bikin wa aka yi?" Na ce na 'yar Ummu. Ta ce, "Ba a aiko min ba."

Yanzu tana yin wani sauti, mai tsawo, mai rawa a ƙarshe. Ranar Laraba na shiga na tarar tana yi, ma'aikata biyu suna tsaye gabanta suna tafa mata. Ɗaya ta juyo tana murmushi ta ce min, "She's celebrating," wai murna take yi. Na koyar da su da kyau. Na duba falon ban ga kek ba, ban ga jariri ba.

Ƙa'idar da na ba su ba ta da amfani. Maganin ya bar mata sanƙarewa a hannuwa, likita ya ce wataƙila ta sake, wataƙila a'a. Ba ta iya kai hannu hanci, ba ta iya kai shi ka. A cinya suke zama, sautin yana fita shi kaɗai. Na zauna kusa da ita na rufe ido na saurara. Ban sani ba, Adda. Ni sau ɗaya na taɓa jin guɗarta, ita ma rabi. Kukanta kuwa ban taɓa ji ba, ko ranar da Baba ya rasu.

'Ya'yan maƙwabciyar sun sake kai ƙara. Jiya likita ya kira, ina cikin jirgin ƙasa, ya ce zaɓi nawa ne. Ko a mayar da maganin kaɗan ta zauna inda take, ko a bar ta haka ta koma sama ƙarshen wata. Ya tambaye ni ko a ganina tana cikin wahala. Na ce zan kira shi. Na sauka a Woolwich na tsaya a dandamali har jirgin ya tafi, sannan na kira na ce a bar ta a farke. Ya ce in na canja ra'ayi ƙofa a buɗe take.

Ki kira ni ranar Lahadi bayan la'asar ɗinku, lokacin ta fi yi. Zan riƙe mata wayar kusa da baki. Kada ki yi doguwar gaisuwa, kada ki ce mata komai. Ki saurara kawai, ki faɗa min wanne ne.

Ƙanwarki,
Hadizatu